Yadda ake shirya raga da matse ta wajen lissafin ruwa mai hargitsi a kwamfuta

Duk shekara idan lokacin aikin kammala karatu ya matso a nan Kumasi, ba na rasa baƙi. Wani ƙane daga Aboabo ko Asawase da ke karatun injiniya a Jami'ar Kwame Nkrumah zai shigo da laftof a hammata, ya ce, "Yaya, duba, ta fito." Sai ya nuna mini hoton bututu an zuba masa ja da kore da shuɗi, gwanin sha'awa. Ni kuma sai in ce, "To, ƙanena, y+ ɗinka nawa ne, kuma raga nawa ka gwada?" Galibi a nan hira take tsayawa. Shi y+ ma'aunin nisa ne daga bangon bututu, za mu zo kansa a mataki na 2.

Kwamfuta ba ta san ruwa ba. Abin da take yi shi ne ta yanka wurin da ruwan zai bi zuwa ƙananan gurabe, ta yi lissafin matsi da gudu a kowane gurbi, ta haɗa shi da na maƙwabtansa. Tarin waɗannan gurabe muke kira raga. Duk abin da ya fi gurbinka ƙanƙanta ya wuce ka, kamar ƙananan kifi a komar da ta yi faɗin ido, kuma manhajar ba za ta faɗa maka ba, hoton zai fito da kalarsa kamar kullum. Cika ko'ina da gurabe kuma ba magani ba ne, don laftof ɗinka ba za ta ɗauka ba. Dabarar ita ce sanin inda za a matse, inda za a sake, da yadda za ka nuna wa mai duba aikinka cewa amsar ba ta rataya a kan ragar ba.

Misalin da za mu bi: bututun ruwa mai faɗin santimita 10, ruwa na gudun mita 1 a daƙiƙa, da gwiwa guda mai kusurwa 90, abin da masu aikin famfo ke kira elbo. Muna neman matsin da ke ɓacewa tsakanin mashiga da mafita.

Kayan aiki

Laftof mai ƙwaƙwalwar aiki gigabait 8 za ta yi, 16 ta fi. A gogayyata gurbi miliyan ɗaya kan ci wajen gigabait ɗaya lokacin lissafi, gina ragar kuma wani lokaci ya fi haka ci. OpenFOAM kyauta ce, tana zuwa da blockMesh da snappyHexMesh da checkMesh, a kan Linux take aiki, mai Windows kuma sai ya bi ta WSL, wato hanyar kunna Linux a cikin Windows. ParaView don dubawa, FreeCAD ko Salome don zane. Idan sashenku na amfani da ANSYS Fluent, matakan duk ɗaya ne, sai dai ka tuna bugun ɗalibai yana da iyakar yawan gurabe. Sai littafi da biro da kalkuleta, waɗanda suka fi duk sauran muhimmanci a matakai uku na farko. Kuma ka tanadi batir mai rai ko UPS, don wanda ya zauna a Ghana ya san dumso, wato yawan ɗauke wutar lantarki.

1. Rubuta tambayar, sannan ka zana abin da ke akwai

Kafin ka buɗe manhaja, rubuta adadi guda da kake nema. Mu faɗuwar matsi muke nema. Da shi za ka auna kowace raga daga baya. Wanda bai zaɓi adadi ba, da ido zai yi hukunci, ido kuwa kala ke ruɗinsa.

Sai zane. Ka zana gwiwar da za a sa a wurin, ba ta cikin littafi ba. Gwiwar roba ta kanti lanƙwasa take sumul. Wadda mai walda a Suame Magazine, unguwar makanikai da maƙera ta Kumasi, ya yanka bututun ƙarfe gunduwa biyu ko uku ya haɗa tana da kaifi a ciki, kuma a kan wannan kaifin ruwa ke rabuwa da bango. Ba abu ɗaya ba ne, ragarsu ma ba ɗaya ba ce. Ka cire abubuwan da ruwa ba ya taɓawa, irin su kusoshi da ƙafafu. Ka bar miƙaƙƙen bututu ninki 10 na faɗinsa kafin gwiwar, ninki 20 ko fiye bayanta, wato mita 1 da mita 2 a misalinmu. Idan ka sa mafita kusa da gwiwa, ruwa zai riƙa komowa ciki ta mafitar, lissafi ya ƙi zama.

Hattara da ma'auni. Yawancin manhajojin zane da milimita suke fitar da fayil ɗin STL, OpenFOAM kuma mita take ɗauka. Idan ba ka rage da 0.001 ba, ka gina bututu mai faɗin mita 100. Umarnin surfaceCheck zai nuna maka iyakokin zanen, ya kuma gaya maka ko akwai huda a jikinsa.

2. Lambar Reynolds da zaɓen hanyar bango

Lambar Reynolds ita ce gudu sau faɗi, a raba da danƙon ruwa. Danƙon ruwa a zafin digiri 20 kusan 0.000001 ne, da murabba'in mita a daƙiƙa. Namu ya ba da 100,000. Tun gwajin da Osborne Reynolds ya yi a Manchesta a 1883 aka san ruwan bututu kan tafi a natse idan lambar ta yi ƙasa, wajen 2,300 abin ya fara sauyawa, sama da 4,000 kuma hargitsi ne sosai. Mu mun yi nisa a ciki.

A jikin bango ruwa tsaye yake cik, amma cikin ƙasa da milimita ɗaya ya riga ya ɗauki fiye da rabin gudunsa. A wannan siririn wuri ake haifar da gogayyar da ke cin matsi. Ana auna nisa daga bango da adadin da ake kira y+. Ƙasa da 5, danƙo ke mulki. Daga 30 zuwa wajen 300, gudun na bin wata sananniyar ƙa'ida ta logaritim. Tsakanin 5 da 30 babu ƙa'idar da ta zauna daidai, can ne ba a son gurbin farko ya faɗa.

Hanya biyu ce. Ko dai ka ajiye gurbin farko tsakanin 30 da 300, ka bar ƙa'idar bango ta cike abin da ke ƙasa, kamar yadda ake yi da samfurin lissafin hargitsi mai suna k-epsilon na Launder da Spalding na 1974. Wannan ya fi araha. Ko kuma ka sauko da y+ kusa da 1 ka lissafa komai har bango, da k-omega SST na Menter na 1994. Ga miƙaƙƙen bututu hanyar farko ta isa. Ga gwiwa, inda ruwa ke barin bango, ni ta biyun nake bi muddin na'ura za ta ɗauka, don ƙa'idar bango an gina ta ne a kan ruwan da ke manne da bango.

3. Lissafa kaurin gurbin farko da hannu

Wannan ne matakin da aka fi tsallakewa, kuma minti biyar ne aikinsa.

Fara da adadin gogayya na Blasius: f = 0.316 a raba da lambar Reynolds mai ƙarfin 0.25. Ga 100,000 ya zo 0.0178. Sai gudun gogayya: gudun ruwa sau tushen murabba'in f/8, ya ba da mita 0.047 a daƙiƙa. Sai nisan da kake so: y+ sau danƙo, a raba da gudun gogayya. Idan y+ 1 ne, nisan milimita 0.021 ne, bai kai kaurin gashin kai ba. Idan 30 ne, milimita 0.64.

Ga inda ni kaina na taɓa zamewa. Wannan nisan daga bango zuwa tsakiyar gurbi ne, ba zuwa samansa ba. Kaurin gurbin ninki biyu ne: 0.042 ga hanya ta biyu, 1.3 ga ta farko. Na taɓa sa 0.64 a matsayin kauri da k-epsilon, y+ ya sauko wajen 15, tsakiyar wurin da aka ce a guje wa, na kwana biyu ina zargin manhaja. Ga hanyar farko ma gara ka nufi 40 ko 50, don ka sami rata.

Wani abu kuma da littattafan Turai ba za su tuna maka ba: ruwan da ya wuni a baƙin tanki a kan rufi a Kumasi ba digiri 20 yake ba. A digiri 30 danƙon ya sauka zuwa 0.0000008, lambar Reynolds ta hau 125,000, nisan y+ 1 kuma ya koma wajen 0.0175. Ka yi lissafi da ruwan da zai bi bututun.

Bayan gurbin farko, kowace shimfiɗa ta fi ta ƙasanta kauri da ninki 1.2, kada ya wuce haka sosai. Daga 0.042, shimfiɗa 20 za su kai jimillar milimita 7.8, ta ƙarshe kuma kaurinta 1.3. To gurbin da ke biye mata ya zama 1.5 zuwa 2. Idan shimfiɗa ta ƙarshe 0.2 ce kuma ka ɗora mata gurbin milimita 5, ka yi tsalle, kuma kuskuren da kake gudu a bango ya koma can ya zauna.

4. Gina raga ta farko, marar nauyi

Ga bututu, blockMesh na fi so, ko da yake rubuta shi da ɗan wahala. Ka raba da'irar gida biyar: murabba'i ɗaya a tsakiya, lanƙwasassu huɗu kewaye da shi. Kada ka yanka ta kamar kankana duk layuka su haɗu a tsakiya, gurabe za su tsuke a can su lalace. Amfanin wannan tsari shi ne gurabe na bin hanyar ruwa, kuma kana iya ja musu tsawo. Lissafa ka gani: idan ka cika mita 3 na bututun nan da gurabe masu milimita 2 ta kowane gefe, kana neman miliyan 3 tun ba ka sa shimfiɗun bango ba. Amma a miƙaƙƙen wuri ruwa ba ya sauya hali sosai ta tsawo, don haka tsawon milimita 10 ya isa, sai a gwiwa ka rage zuwa 2 ko 3, a hankali ba kwatsam ba. Tunda gwiwar ɓarinta biyu iri ɗaya ne, kana iya tsaga ta ta tsawo ka lissafa rabi, muddin amsa marar sauyawa da lokaci kake nema.

Idan siffar ta yi wuyar blockMesh, kamar bawul ko haɗin bututu uku, sai snappyHexMesh. Abubuwa huɗu za ka kiyaye. Ragar baya, wato wadda za ka fara ginawa da blockMesh don snappyHexMesh ta sassaƙa siffar daga cikinta, ta kasance gurabenta kusan daidai ta kowane gefe, in ba haka ba mannewa da bango ba za ta yi kyau ba. Ɗigon da ke nuna inda za a ajiye raga ya kasance cikin ruwa sosai, ba a kan layin gurbi ba, kuma ba a waje ba, don na sha ganin wanda ya gina ragar iskar da ke kewaye da bututunsa. Kowane matakin matsewa rabin girman gurbi yake yankewa, wato gurbi ɗaya ya zama 8, don haka kada ka yi wasa da lambar. Na huɗu, ka mai da relativeSizes zuwa false idan kana son ba da kaurin farko da mita, sannan ka karanta jadawalin da ke ƙarshen rahoton. Ka nemi shimfiɗa 15, ta ba ka 4 a wani wuri, ta hana ka gaba ɗaya a kan kaifi, kuma ba za ta tsaya ta yi maka ƙorafi ba. Idan ta ƙi, ka ƙara matse ragar jikin bango tukuna, ko ka koma Salome ko Gmsh, ko ka haƙura ka bi hanyar farko.

5. checkMesh, sannan idonka

Gurbi mai girma ƙasa da sifili ba a tattaunawa a kansa, a sake gini. Bayan shi, layin da na fara dubawa shi ne na non-orthogonality, wato yadda layin da ya haɗa tsakiyar gurabe biyu ya kauce wa miƙewa a kan fuskar da ke tsakaninsu. Sama da digiri 70 manhajar na gargaɗi. Ni ina so mafi muni ya tsaya ƙasa da 65. Idan ya ƙi, ka sa nNonOrthogonalCorrectors 1 ko 2 a fvSolution, amma ka sani faci ne. Murɗewar gurbi, skewness a rahoton, iyakarta 4. Tsawo kan kauri iyakarsa 1,000. Namu 10 a raba da 0.042, wajen 240, babu laifi tunda a jikin bango yake kuma yana bin ruwa. Mai Fluent ya lura ma'auninsa na murɗewa daga 0 zuwa 1 yake, ana son mafi muni ya kasance ƙasa da 0.95. Kada ka haɗa ma'aunan biyu.

"Mesh OK" ba ya nufin ragar ta dace da aikinka, yana nufin manhaja za ta iya tafiya a kanta. Ka buɗe ParaView, ka yanka gwiwar ta tsakiya, ka kunna layukan gurabe, ka matso har ka ga shimfiɗun bango ɗaya bayan ɗaya. Gurabe marasa kyau guda goma kusa da mafita ba su cika damuna ba. Guda uku a cikin gwiwa sun isa in sake.

6. Gudanar da lissafi, ka auna y+ na gaske

A simpleFoam ake wannan aiki, a bugun OpenFOAM Foundation na 11 zuwa sama kuma foamRun da incompressibleFluid. Ka sa ta riƙa ajiye sakamako kowane zagaye 200 ko makamancin haka, startFrom kuma ya zama latestTime. Ranar da aka ɗauke wuta ƙarfe biyun dare batir ya mutu, za ka gode wa Allah da ka yi haka.

Kada ka tsaya don ragowar kuskure ta sauka 0.0001 kawai. Ka bi faɗuwar matsin da kanta har ta daina motsi na zagaye ɗaruruwa. Ka kuma tuna matsin simpleFoam an riga an raba shi da nauyin ruwa, sai ka ninka da 1,000 kafin ya zama faskal, wato ma'aunin matsi. Wata ƙanwa ta taɓa kawo mini 0.5 tana cewa gwiwarta ba ta cin komai, alhali 500 ne.

Yanzu ka fitar da yPlus ka shafa shi a bango. Kada ka dogara da matsakaici. A cikin gwiwa ruwa na ƙara gudu a wani gefe, y+ ya hau. Inda ya rabu da bango kuma ya faɗi kusan sifili. Ga SST, idan yawancin bango na ƙasa da 2 kuma babu inda ya haura 5, na yarda. Idan ya fito 3 a ko'ina, raba kaurin farko da 3 ka ƙara shimfiɗu. Wanda ya maƙale tsakanin 5 da 30 kuma babu yadda zai yi, nutUSpaldingWallFunction na rage ɓarnar.

Gwaji mai araha da nake so kowa ya yi: miƙaƙƙen bututu mai mita 5 da irin wannan raga, ka auna matsin da ya ɓace a mitar ƙarshe. Blasius ya ce wajen faskal 89. Idan kana nesa da haka a bututun da ba shi da gwiwa, babu dalilin yarda da abin da ka samu a gwiwa.

7. Matse inda ruwa ke sauya hali

Amsar farko ita ce taswirarka. Nemi inda kala ke sauyawa cikin gurbi biyu ko uku: gefen ciki na gwiwa daga tsakiyarta zuwa bayanta, layin da ya raba ruwa mai gudu da wanda ke juyawa a baya, da tagwayen juyi da gwiwa ke haifarwa waɗanda ke bin bututu har nesa. Can za ka zuba gurabe, har ninki 5 na faɗi bayan gwiwar. Mashiga ba ta bukata. Umarnin mapFields zai ɗora tsohuwar amsa a kan sabuwar raga, ya rage maka jira.

8. Raga uku

Idan tsarin ya zauna, sai ka gina shi a girma uku, kana rage tsawon gurbi da ninki ɗaya ta kowane gefe. Ƙa'idar da Celik da abokan aikinsa suka fitar a 2008, bisa hanyar Roache, ta ce ninkin ya wuce 1.3. Mutane kan ɗauka ninka yawan gurabe da 1.3 ake nufi. A'a, tsawon gurbi ne, wanda ke nufin yawan ya ninka 2.2. Da 1.5 kuma 3.4.

A ce ka gina 100,000 da 340,000 da 1,140,000, suka ba da faskal 560 da 533 da 521. Tazarar farko 27, ta biyu 12. Raba su, 2.25. Logaritim ɗin 2.25 a raba da na 1.5 ya ba da 2, wato kuskuren na raguwa yadda ya kamata ga lissafi mai daraja ta biyu. Amsar da ake dosa: 521 a cire 12/1.25, wato kusan 511. Shakkar raga: 1.25 sau 12/521, a raba da 2.25 ban da 1, ya zo kashi 2.3 cikin 100. Kada 1.25 biyun su ruɗe ka: wanda aka ninka da shi a shakkar raga ratar kariya ce da ake sa wa raga uku, wanda aka raba da shi kuma daga ninkinmu ya fito, wato 2.25 ban da 1.

A aikin gaske da wuya ya faɗo 2 cif. Tsakanin 1 da 2 abu ne da aka saba. Idan ya tsaya kusa da 1, duba fvSchemes, wataƙila upwind ka bari maimakon linearUpwind. Idan amsoshin na hawa da sauka, ko tazara ta biyu ta fi ta farko, ko dai raga ta farko ta yi sako-sako da yawa, ko wani lissafin bai zauna ba, ko kuma matsewar ta tono juyin da ke motsi da lokaci. A na ƙarshen sai ka koma pimpleFoam, kana rage tsawon daƙiƙar lissafi duk lokacin da ka matse, don lambar Courant, wato yawan guraben da ruwa ke ratsawa a taku ɗaya na lissafi, ta tsaya kusa da 1.

Mai bin ƙa'idar bango ya kula: idan ka fara da y+ 40 ka raba da 1.5 sau biyu, ka sauka 18. Ka bar gurbin farko yadda yake a duka ukun, ka matse sauran, ka kuma faɗi haka a rahoto.

9. Idan na'ura ta gaza, da abin da za ka rubuta

Idan laftof ba ta ɗauki ta ukun ba, rage yawan guraben duka ukun, ka sa ninkin da ke tsakaninsu ya zama 1.3 maimakon 1.5, ko ka raba aikin kan kawunan na'urar da decomposePar, ko ka nemi dare ɗaya a ɗakin kwamfutocin sashenku. Idan raga biyu kawai ka iya, hanyar Roache ta ce ratar kariya ta koma 3 maimakon 1.25.

A rahoto ka sa jadawali guda: yawan gurabe, kaurin farko, y+ mafi ƙanƙanta da mafi girma, mafi munin lambobin checkMesh, faɗuwar matsi, da shakkar raga. Ka rubuta a ƙasansa cewa kashi 2.3 ɗin na raga ne kaɗai, bai haɗa da kuskuren samfurin hargitsi ko tsatsar cikin bututu ba. Idan bututun tsohon ƙarfe ne, sai nutkRoughWallFunction, kuma tsakiyar gurbin farko dole ta fi tsayin ƙurajen bangon, wanda zai mai da kai hanyar farko, ka sake lissafin mataki na 3 da adadin gogayya daga jadawalin Moody, tunda na Blasius na bututu mai santsi ne.